Goɗiya Ita Ce Tushen Barga

A fitowar wannan wata za mu tattauna a kan wata dabba wadda kowa yake sha'awar ɗanta, amma ita kanta ba a cika waiwayarta ba, wato goɗiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram, ko ta Maraɗi, ko ta Tsibirin Gobir ranar hawan salla, ya ga yadda ake ƙawata ingarmu da sirdi da jalala da linzami mai ƙyalli, ana busa musu algaita, yara suna bin su a guje. Maƙwabtanmu na Kano ma, a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallarsu cikin jerin al'adun da duniya take tinƙaho da su. Idan muka dubi sarautu irin su Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Dawaki, duk sunan doki suke ɗauke da shi. To amma ina uwayen waɗannan ingarmu? Suna can ƙauye, a ɗaure bayan gida kusa da jaki, suna tauna karan dawa. A al'adarmu namijin doki ake hawa a yi ado da shi, shi ake auna wa hatsi safe da yamma, ita kuwa goɗiya sai abin da ya rage. Alhali kuwa babu ingarman da ya faɗo daga sama.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana

Shekarar da muka fito daga makarantar horon malamai, an tura mu koyarwa a wani ƙauye da ke arewa da Maraɗi. Dattijon da ya ba mu masauki yana da wata jar goɗiya da yake ji da ita ƙwarai. Wani dare a farkon damina naƙuda ta kama ta. Ruwa ya fashe, ƙafa guda ta leƙo, ɗayar kuwa ta lanƙwashe a ciki. Maƙwabta suka taru da fitilu, kowa yana cewa a yi haƙuri, ai saniya ma takan kwana tana naƙuda. Mu ma da muke taƙama da ilimin boko, bakinmu ɗaya da su, domin ba mu san komai a kan lamarin ba. Kafin a kira sallar asuba duƙushin ya mutu a ciki. Bayan kwana biyu uwar ta bi shi.

Da muka je yi masa jaje muka ce, “Baba, sai haƙuri, Allah ya mayar da alheri.” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Mushe, kakar wannan goɗiya mahaifina ya bar mini. Yau iri ya yanke a gidan nan.”

Tun daga ranar muka shiga tambayar tsofaffin masu dawaki da likitocin bisashe. Abin da muka tsinta shi ne za mu baje a nan, ko Allah zai sa wani ya tsira da tasa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe

Mutanenmu idan suna neman duƙushi na ƙwarai, uban kawai suke tambaya. Amma masana sun tabbatar cewa a jikin doki akwai ƙullin ƙwayoyin gado guda 64, kuma 32 daga uba suke zuwa, 32 daga uwa. Ke nan rabo daidai ne. Bayan haka uwa tana da ƙari, domin ita ce take ɗauke da shi wata 11, ita take shayar da shi, kuma a gindinta yake koyon hali. Goɗiya mai firgita da harbi, da wuya ɗanta ya tashi da natsuwa. Shi jaki nasa ƙullin 62 ne. Shi ya sa idan ya hau goɗiya aka sami alfadari, yakan zo da 63, lissafin da ba ya rabuwa biyu daidai, don haka alfadari ba ya haihuwa sai abin da ba a rasa ba.

Ƙasar nan tana da irin dawaki da aka san ta da su tun kaka da kakanni, kamar ɗan Arewa, da ɗan Manga na gabas, da na Zabarma, da na Bagazan a duwatsun Abzin. Dawaki ne da suka saba da zafinmu da ƙishirwarmu da ciyawarmu. Farin 1973 da na 1984 sun ci dabbobi masu ɗimbin yawa, daga baya kuma babur ya zo ya karɓe aikin da doki yake yi na zuwa kasuwa da kai saƙo. Manomi da yawa sun sayar da goɗiyoyinsu. Irin doki kuwa ba a ajiye shi a rumbu kamar irin gero, a cikin goɗiya mai rai yake zaune.

Wanda zai sayi goɗiyar kiwo ya dubi ƙafafunta ko miƙaƙƙu ne, ya dubi kofato ko babu tsaga, ya dubi faɗin ƙugu da ƙirji, ya shafa hantsarta mai kan nono biyu ya ji ko babu ƙullutu. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora don sanin shekaru. Kada ya yi mamaki idan bai ga fiƙa ba, domin yawancin goɗiyoyi ba su da ita, ta maza ce. Daga nan sai ya tambayi tarihinta: sau nawa ta haihu, ta taɓa ɓari, tana da nono?

Yaushe ake kai ta barbara?

Duƙusa tana iya ɗaukar ciki tun tana da shekara ɗaya da rabi, amma yin haka zalunci ne, domin ita ma ba ta gama girma ba. Abincin da zai gina ƙashinta sai ya tafi ga ɗan da ke ciki, a ƙarshe a sami uwa tsumburarriya da ɗa tsumburarre. Abin da ya dace shi ne a jira ta cika shekara 3, in da hali ma 4. Idan ta sami kulawa tana iya haihuwa har ta haura shekara 15, ko da yake ɗaukar ciki yana ƙara yi mata wuya in ta manyanta.

Goɗiya mai ƙoshi tana neman doki kusan kowane kwana 21, kuma neman yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Alamominsa a fili suke: tana ɗaga wutsiya, tana yawan fitsari kaɗan-kaɗan, tana tsayawa cik idan ingarma ya matso. Idan lokacin bai yi ba, sai ta kwantar da kunnuwa ta kai masa harbi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kai ta ran farko, a yi barbara sau ɗaya, a dawo gida. Ƙwan da zai zama ɗa ba ya saukowa sai kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Saboda haka a fara daga rana ta biyu ko ta uku, a riƙa tsallake kwana ɗaya ana maimaitawa, har ranar da ta ƙi shi da kanta. Bayan mako uku a sake gwada ta. In ta kore shi, akwai kyakkyawan zato cewa ta ɗauka. A inda likita yake da na'urar hoton ciki, yana iya ganin cikin tun yana da mako biyu.

A ƙasashen Turai goɗiya takan daina neman doki a lokacin sanyi, saboda rana tana gajarta ƙwarai. Mu nan bambancin dare da rana kaɗan ne, don haka abin da ya fi hana tamu shi ne yunwa. Rammamiyar goɗiya a tsakiyar bazara da wuya ta ɗauki ciki, ko da ingarman sarki aka kawo mata.

Abu biyu kuma a kiyaye. Na farko, kada a haɗa uba da ƴarsa ko ɗa da uwarsa don gudun tafiya ko biyan ladan mai ingarma, domin aibin da ke ɓoye a cikin dangi ta nan yake fitowa. Na biyu, a duba lafiyar ingarman. Akwai cuta mai kisa da dawaki suke ɗauka ta wajen barbara. Idan aka ga gabansa ya kumbura, ko yana ɗigar ruwa, ko yana ramewa ba dalili, a nemi wani.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Cikin goɗiya yakan kai kimanin kwana 340, wato wata 11 da ƴan kwanaki, kuma yana iya gaza haka ko ya zarce da mako biyu ko uku ba tare da wata illa ba. Ɗa guda take haifa. Tagwaye a wurin goɗiya ba abin murna ba ne, galibi ɓarewa suke yi.

A nan akwai lissafin da muke so kowane mai goɗiya ya yi. Mafi yawan girman ɗa a ciki, wajen kashi biyu cikin uku, a watanni ukun ƙarshe yake faruwa. To wadda aka kai barbara a watan Agusta, lokacin da ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa, a watan Yuli za ta haihu. Watanninta na ƙarshe ke nan sun faɗo a Afrilu da Mayu da Yuni, daidai lokacin da daji ya bushe, rumbu ya yi ƙasa, harawa ta yi tsada. Wanda bai ɗaure mata harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka ba, ya riga ya cuci duƙushin da ba a haifa ba.

Doki yana bukatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Goɗiya mai kilo 300 ke nan tana bukatar wajen kilo 6, kuma mafi yawansa ya kasance ciyawa da harawa, a ƙara da ɗan gero ko dawa idan ciki ya tsufa. Tumbin doki ƙarami ne in aka gwada da girman jikinsa, kuma Allah bai ba shi ikon yin amai ba. Don haka a raba hatsin sau biyu ko uku, kada a zube mata shi gaba ɗaya, kuma kada a sauya mata abinci rana tsaka. Yawan hatsi a lokaci guda yana kawo ciwon ciki da ciwon kofato. Dusa tana da amfani, amma in ita kaɗai aka dogara da ita tana raunana ƙashi, domin ba ta da isasshen sinadarin da ke gina shi. Harawa ce take cike wannan giɓi. A guji abincin da ya yi fumfuna, a kuma hana ta kiwo a cikin ƙaramar dawa da gyauronta, saboda suna da dafi, kuma suna iya nakasa ɗan da ke ciki. Gishiri da ƴar kanwa kamar yadda iyayenmu suka saba ba laifi, muddin ba a cika ba. Ruwa kuwa, a kwanakin zafi tana iya shanye lita 30 zuwa 50 a yini, mai shayarwa ma ta fi haka. Shayarwa sau ɗaya a bakin rijiya ba ta wadatar da ita.

Mai ciki ba ta ƙin ɗan aiki. Ana iya hawanta tafiya marar nisa har wajen wata na bakwai. Daga nan a sauke mata sirdi da amalanke, amma kada a bar ta a turke dare da rana. A riƙa sakinta tana taka ƙasa, domin tafiya tana rage kumburin ƙafa.

Daren haihuwa

Idan saura makonni, hantsa takan fara cika. Idan saura kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa akan ga wani abu kamar kakin zuma ya daskare a kan nonon, naman gindin wutsiya kuma ya saki. Daga nan a kwance mata dabaibayi, a share wuri mai faɗi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai tsabta, a tanadi fitila da sabulu da aidin. Yawancin goɗiyoyi da dare suke haihuwa, kuma ba sa son taron jama'a. Mutum ɗaya ya isa, ya tsaya daga nesa yana lura.

Ga inda muka yi kuskure a wancan ƙauye. Haihuwar goɗiya ba irin ta saniya ba ce. Daga fashewar ruwa zuwa fitowar ɗa, minti 20 ne zuwa 30. Ɗan yana zuwa da ƙafafun gaba biyu, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, tafin kofato yana duban ƙasa, hanci yana kwance a kansu. Idan aka ga ƙafa guda kawai, ko kai babu ƙafa, ko kofato yana duban sama, ko kuwa minti 20 ya wuce tana yunƙuri babu abin da ya ci gaba, to ba lokacin haƙuri ba ne. Mabiyiyar goɗiya tana saurin rabuwa da mahaifa, kuma da zarar ta rabu ɗan ya rasa hanyar numfashi. A tashe ta tsaye a riƙa zagayawa da ita don yunƙurin ya lafa, wani kuma ya kira likitan bisashe ko wanda ya ƙware. Yau akwai salula a kowane ƙauye, kuma babur ɗin nan da ya ƙwace wa doki aiki, shi ne zai kawo mai ceto cikin gaggawa. Kada a ɗaura igiya a taru ana ja da ƙarfi. Haka kuma idan aka ga wata jar jaka mai kauri ta riga fitowa maimakon farar fatar da aka saba gani, mabiyiya ce ta riga ɗa. A yage ta nan take da hannu mai tsabta don ya sami iska.

Bayan ya faɗo, a cire masa fatar da ta rufe hanci, sannan a ja da baya. Ba a yanke cibiya, da kanta take tsinkewa idan uwa ko ɗa ya motsa. A tsoma guntun cibiyar cikin ruwan aidin da aka sirka. Kada a shafa mata kashin shanu ko ƙasa, domin ta nan ciwon sarƙewar haƙora yake shiga, kuma doki yana cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi yi wa illa.

Likitoci suna da wani lissafi mai sauƙin riƙewa, wato 1, 2, 3. Cikin awa 1 duƙushi ya miƙe tsaye. Cikin awa 2 ya kama nono. Cikin awa 3 mabiyiya ta faɗo. Idan ta wuce haka a nemi likita, domin ko ƙyallinta ya saura a ciki yana iya ruɓewa ya sa zazzaɓi da ciwon kofato, har ya kai ga halaka. Kada a fizge ta. A ƙulle abin da yake reto don kada ta taka, in ta faɗo kuma a shimfiɗa ta a ƙasa a duba ko ta fito cikakkiya.

Dakashi da renon duƙushi

Ɗan Adam yana samun garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki. Duƙushi kuwa yana zuwa duniya ba shi da ita, domin mabiyiyar goɗiya ba ta barin wannan garkuwa ta ratsa. Duk kariyarsa tana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri. Hanjinsa yana karɓar ta sosai a awa 12 na farko, bayan awa 24 kuma ƙofar ta rufe. Wanda ya tatse dakashi ya zubar don yana ganin ƙazanta ne, ya zubar da maganin da babu shi a kowace kasuwa. Idan duƙushin ya kasa kamawa, a tatsa a cikin ƙwarya mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan. A kuma lura ya yi baƙin kashinsa na farko a yinin.

Duƙushi yana zuwa da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin uwarsa. Goɗiya mai kilo 300 tana iya ba da nono lita 6 zuwa 9 a yini, saboda haka watanni ukun farko na shayarwa sun fi ciki kansa cin jikinta. A nan ne ya kamata a ƙara mata hatsi da harawa. Wajen kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa takan sake neman doki, kuma masu kiwo da yawa suna mayar da ita a lokacin don su sami ɗa kowace shekara. In ta haihu lafiya kuma tana da jiki, babu laifi. Amma in ta sha wuya ko ta rame, a bar wannan ya wuce, in ta kama ma a hutar da ita shekara guda. Ana yaye duƙushi yana da kimanin wata 6, kuma kada a ɗora masa sirdi kafin ya kai shekara 3.

Rigakafi ya fi magani

A ƙarshen damina ciwon dawaki na Afirka yakan ɓulla. Wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba ne suke yaɗa shi, kuma sun fi cizo daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. A shigar da uwa da ɗa rumfa kafin magariba, a yi musu hayaƙi, a nisanta su da bakin tabki. Akwai allurar rigakafinsa, sai a tambayi ma'aikatan kiwo lokacin da ya dace a yi ta, musamman ga mai ciki. Ba mu manta da murar da ta ratsa ƙasashen yankinmu a 2019 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa ta kuma taɓa dawaki. Darasinta shi ne, dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu ko uku kafin a haɗa ta da mai ciki. Allurar sarƙewar haƙora kuma, idan aka yi wa goɗiya ita saura mako 4 zuwa 6 ta haihu, kariyar tana bin dakashi ta isa ga ɗan. A riƙa cire kaska, a kwashe kashi daga turke kullum don rage tsutsar ciki, a gyara kofato. Kada a ɗura wa mai ciki maganin da aka saya a tebur ba tare da shawarar likita ba.

Kiranmu

Muna roƙon masu goɗiya abu huɗu. A ɗaure harawa tun da kaka da sunanta. A ajiye lambar likitan bisashe tun kafin daren haihuwa. A sami ɗan littafi a rubuta ranar barbara, da ingarman da ya hau, da ranar haihuwa. In maigida bai iya rubutu ba, ɗansa ɗan lakkwal ya iya, kuma mun gwada haka da ɗalibanmu, yaran da ke gudun lissafi a allo sai ga su suna ƙidayar kwana 340 da murna. Na huɗu, idan bukata ta taso dole sai an sayar, a sayar da duƙushi a riƙe duƙusa.

Su kuma sarakunanmu da attajirai masu sayen ingarmu don hawan salla, da za su riƙa ba manoman karkara aron ingarma na ƙwarai a lokacin barbara, su kuma taimaka da allura, da bargarsu ce za ta ci riba nan da shekara huɗu ko biyar.

Dattijon nan mai masaukinmu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Turken jar goɗiyarsa yana nan a bayan gida, jikokinsa suna jingina babur a jikinsa. Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.